Tarihin Kano Pillars: Ƙungiyoyi Uku da Suka Zama Masu Gida

Da zarar an gama girbi a ƙasar Arewa, an ɗaure damman gero an zuba cikin rumbuna, sai samari su soma haɗa kayan tafiya. Daga Dogondutsi da Matankari, daga Tibiri da Gesheme da Kore Mairuwa, wasu su nufi Yamai, wasu Kwatano, da yawa kuma su tsallaka Najeriya cin rani. Kafin ruwan farko su komo gida da abin da Allah ya ba su: ƴan kuɗi, tufafi, da labarai. Cikin waɗanda suka sha zaman Kano ba a rasa mai komowa da riga ruwan ɗorawa da kore, da kirari a bakinsa: "Sai masu gida!" Wannan kirarin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ne, wadda ta fi kowace ƙungiya a ƙasar Hausa yawan magoya baya da yawan kofuna.

Ba don nishaɗi kaɗai ya kamata a san tarihinta ba. Kowace shekara, lokacin hutun ƴan lakwal, ƙungiyoyin ƙwallo suna tsirowa a unguwanni da ƙauyukan gundumomin Dogondutsi da Tibiri kamar ciyawar damina, a yi gasa, a ba da kofi, sa'an nan su bushe tun kafin kaka ta wuce. Ma'aikatan gwamnati da attajirai sun saba da ƴan takardun neman taimakon riguna da ƙwallo. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: mene ne ke sa wata ƙungiya ta mutu cikin wata uku, wata kuwa ta shekara talatin da ɗoriya tana cika fili? Labarin Kano yana da abin faɗi kan wannan, mai daɗi da marar daɗi.

Kafin a kafa ginshiƙai

Ƙwallo ta daɗe a Kano. Turawan mulki da ma'aikatan jirgin ƙasa da makarantun boko suka shigo da ita. A 1945 aka soma gasar Kofin Gwamna a Najeriya, kuma shekara takwas a jere ƙungiyoyin Ikko ne kaɗai ke ɗauka, har aka ɗauka abin gadonsu ne. Sai a 1953 zaɓaɓɓun ƴan wasan Kano suka doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga bakin teku. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, domin za ta sake fitowa.

A shekarun 1970 ƙungiyar da ta ɗaga sunan Kano ita ce Raccah Rovers. Ita ta ci gasar ƙasa ta Najeriya a 1978. A wannan shekara ne kuma ta kara da Fluminense ta ƙasar Birazil a Kaduna, wasan da Pele ya sa rigar baƙin ya buga musu, ko da yake ba ɗan ƙungiyarsu ba ne. Baƙi suka ci 2 da 1. Amma duk da wannan ɗaukaka, Raccah Rovers ba ta yi tsawon rai ba. Cikin shekarun 1980 ta watse. Kano ta zauna da ƙananan ƙungiyoyi, kowace tana jan nata, ba wadda ta isa ta tsaya gaban manyan kudu irin su Rangers ta Enugu ko Shooting Stars ta Ibadan.

Haɗewar 1990

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, wato gasar da ɗan wasa ke cin abinci da ƙafarsa, yana da yarjejeniya da albashi kamar kowane ma'aikaci. Shiga irin wannan gasa yana son kuɗi, da fili, da shugabanci mai tsari. Masu kula da wasanni a jihar Kano suka ga cewa in aka bar ƙarfi a rarrabe ba inda za a je. Saboda haka aka haɗa ƙungiyoyi uku wuri ɗaya: WRECA, wadda ke ƙarƙashin hukumar ruwa da ginin madatsu ta jihar, da Kano Golden Stars, da ƙungiyar Bank of the North, wato Bankin Arewa. (Kada mutanen Dutsi su yi saurin murna: Arewar da ake nufi a nan ita ce jihohin arewacin Najeriya, ba ƙasar Arawa ta Dallol Mawri ba.) Daga cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka kan wannan aiki akwai Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya daga 2002 zuwa 2006. Sunan da aka raɗa wa sabuwar ƙungiya, Pillars, ma'anarsa da Ingilishi ginshiƙai.

Abin lura shi ne, biyu daga cikin ukun nan ƙungiyoyin ma'aikatu ne. Ƙungiyar ma'aikata kuwa rayuwarta a hannun ma'aikatar take: ran da shugaba marar son ƙwallo ya zo, ko kuɗi suka ja baya, sai a rufe ta da takarda ɗaya. Bankin Arewa ɗin kansa ya ɓace a 2006, sa'ad da aka narkar da shi cikin Unity Bank. Da ƙungiyarsa ta tsaya ita kaɗai, da tuni an manta da ita. Hikimar 1990 ita ce an cire sunan ma'aikata an sa sunan gari. Mai sayar da goro a kasuwar Kurmi ba shi da dalilin fidda kuɗinsa don ya kalli ma'aikatan banki suna gudu, amma in aka ce Kano ce za ta kara da Enugu, magana ta zama tasa.

Nijar ma ta san irin wannan sauyi. Gasar ƙasa ta soma a 1966, kuma a farkon zamani ƙungiyoyin Yamai sunayen sassan gari suke ɗauke da su, da lamba. A 1974 ƙungiyar sashe na 6 ta zama Olympic, ta sashe na 7 ta zama Sahel. Har yau su biyun nan su ne suka fi tara kofunan gasar ƙasa.

Shekarun farko na Pillars ba su zo da sauƙi ba. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Ta taɓa faɗawa rukuni na biyu, ta komo sama bayan ta ci gasar wannan rukuni a 2001. Shekara goma sha takwas aka yi ana jira kafin kofin gasar ƙasa ya shigo Kano a 2008, ƙarƙashin mai horo Kadiri Ikhana, mutumin da ya riga ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba ta Aba a 2003.

Daren Alƙahira

Wanda ya ci gasar ƙasarsa shi ke wakiltarta a gasar zakarun Afirka. Haka Pillars ta shiga wannan gasa a 2009, karonta na farko, da mai horo Ivo Sajh, mutumin ƙasar Silobeniya. A zagayen da ake tace waɗanda za su shiga rukuni, ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar.

Sai an san ko wace ce Al Ahly kafin a gane nauyin abin. A lokacin ita ke riƙe da kofin, ta ci shi a 2008, kuma wannan ne karo na shida: 1982, 1987, 2001, 2005, 2006, 2008. Mai horonta Manuel Jose ne, ɗan ƙasar Fotugal, cikin ƴan wasanta kuwa har da Muhammad Abu Trika, wanda duk mai kallon ƙwallo a Afirka ya san shi. A ƙa'idar kokowa, kamar a ce yaron da ya fito daga ƙauye bana an haɗa shi da mai takobi tun ranar farko.

Wasan farko a Najeriya aka tashi 1 da 1. Ga masu lissafi wannan sakamako ya gama magana, don kuwa Al Ahly ta samu ƙwallo a waje, sauran aiki kuma a gidanta, gaban dubban jama'arta. A nan ya kamata a bayyana dokar da ake aiki da ita: ana yin wasa biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallaye. In jimilla ta zo daidai, sai a duba wa ya fi zuba ƙwallo a gidan abokin karawa. Shi ne ya wuce. Ke nan ko canjaras babu ci aka yi a Alƙahira, Masarawa sun wuce. Dole Pillars ta ci ƙwallo. Ta kuwa ci, har biyu. Aka tashi 2 da 2, jimilla 3 da 3; Al Ahly tana da ɗaya a waje, Pillars tana da biyu. Mai riƙe da kofi ta fita, baƙuwa ta shiga rukuni.

A rukunin ta tarar da manyan Sudan biyu, Al Hilal da Al Merrikh, da ZESCO ta Zambiya, ta kuma gama a kan gaba. Sai dai abin da Larabawa suka kasa, ƴan gida suka yi. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Heartland ta Owerri, ƴar ƙasarsu, wadda ta lallasa ta 4 da nema a Owerri, ta kuma ƙara mata ɗaya a wasan gida. Heartland ɗin ma ba ta ɗauki kofin ba. TP Mazembe ta Kwango ta tsere da shi. Duk da haka, tun daga wannan shekara Pillars ba ta sake kaiwa wannan matsayi ba, kuma dattawan magoya baya da ita suke auna kowace shekara.

Kofi uku a jere

A kakar 2009 zuwa 2010 wani yaro haifaffen Jos, wanda bai cika shekara goma sha takwas ba, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya zama sarkin cin ƙwallo na gasar. Sunansa Ahmed Musa. Nan da nan VVV Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi, daga nan ya wuce CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016, sai Al Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci kofin ƙasashen Afirka da Najeriya a 2013, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a ta 2018. Wannan ita ce ƙaddarar ƙungiyoyin Afirka: su reni ɗan wasa, da ya nuna sai a tsinke shi.

Tafiyarsa ba ta karya ƙungiyar ba. Ta ci gasar ƙasa a 2012 da 2013 ƙarƙashin Muhammad Baba Ganaru, ta ƙara a 2014 ƙarƙashin Okey Emordi. Kafin ita, Iwuanyanwu Nationale, wato Heartland ta yanzu, da Enyimba ne suka taɓa jera uku. Sunayen wannan zamani su ne Gambo Muhammad, mai cin ƙwallo, da Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. Shi Rabi'u bai bi hanyar Turai ba. Ya zauna gida, ya riƙe kyaftin shekara da shekaru, yana kuma cin ƙwallo har bayan da ya haura shekara arba'in. In ana neman dalilin da ya sa jama'a ke jin ƙungiyar tasu ce, to, irin wannan zama yana cikin dalilan.

A Afirka kuwa waɗannan shekaru ba su yi albarka ba. AC Leopards ta Kwango Barazabil ta fitar da ita a 2013, AS Vita ta Kinshasa a 2014, Moghreb Tetouan ta Maroko a 2015, duka tun kafin a kai rukuni.

Ƙarfinta a gida yake, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin kofin Afirka na 2000 da na gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009. Daga 2003 zuwa Agustan 2015, wasa 202 na gasar ƙasa, ba ƙungiyar da ta zo Kano ta tafi da nasara, sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1. Abin alfahari ne, amma gaskiya tana da fuska biyu. A gasar Najeriya ta waɗannan shekaru cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa: baƙo ya kwana biyu a mota, ya sauka a gajiye, alƙalin wasa kuma yana busa usur yana waiwayen ƙofar fita. Kirarin "masu gida" ya samo asali daga ƙwarewa, ya kuma samu taimako daga tsoro.

Hanyar ma ba ta da tabbas. A watan Maris na 2015, suna kan hanyar Owerri don wasan farko na kaka, ƴan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a kan titin Abuja zuwa Lokoja. Ƴan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Muhammad. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Shekara sittin da shida

Kofin ƙalubale, wanda shi ne tsohon Kofin Gwamna, ya ƙi Kano tun 1953. A watan Oktoba na 2018, a garin Asaba, aka ga kamar jira ya ƙare: Pillars tana gaban Rangers da ci 3 da nema, wasa ya yi nisa, magoya baya sun soma shirin biki. Cikin minti goma sha biyar na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ɗauki kofin da ci 4 da 2. An sha cin Pillars a tarihi, amma ba a taɓa yi mata cin da ya kai wannan ciwo ba.

Abin yabo shi ne ba ta watse ba. Da shekara ta zagayo, a watan Yuli na 2019, ta sake kaiwa wasan ƙarshe, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, da Niger Tornadoes ta Minna. Aka tashi babu ci, aka sake komawa bugun daga kai sai mai tsaron gida, abin da ya kashe ta bara. Wannan karo ta ci 4 da 3, ƙarƙashin mai horo Ibrahim Musa. Kofin ya komo Kano bayan shekara 66.

Faɗuwa

Abin da ya kai ta sama shi ya jawo ta ƙasa. A watan Afrilu na 2022, a wasanta da maƙwabciyarta Katsina United, wasu magoya baya suka yi tarzoma, suka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, ta zare mata maki uku, ta kuma kore ta daga Kano zuwa Abuja. Ba a jima ba aka sake zare wasu maki uku, saboda shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a wasansu da Dakkada. Ga ƙungiyar da ke fama a ƙasan jeri, maki shida daidai suke da nasara biyu da aka zubar ba tare da an taɓa ƙwallo ba. A ƙarshen kakar, mai kofin ƙasa huɗu ta faɗa rukuni na biyu. Ta komo a 2023.

Ƙungiyar wa?

A nan ne ya dace a ɗaga kai a dubi wata ƙasa. Ahmed Musa, bayan ya komo Pillars na ɗan lokaci a 2021, Turkiyya ya tafi, ya buga wa Fatih Karagumruk da Sivasspor, kafin ya sake komowa Kano a 2024. Ƙasar da ya je tana da ƙungiyoyin da suka haura shekara ɗari: Besiktas ta 1903, Galatasaray ta 1905, Fenerbahce ta 1907, duka a birnin Istambul.

Labarin Galatasaray zai yi wa malaman makaranta daɗi, domin a aji aka haife ta. Akwai wata babbar lise a Istambul da ake kira Galatasaray, wadda tun 1868 aka tsara ta bisa tsarin Faransa, ana koyarwa da Faransanci da Turkanci. A watan Oktoba na 1905 wasu ƴan makarantar, da jagorancin Ali Sami Yen, suka kafa ƙungiyar ƙwallo don su kara da Ingilishi da Girkawa mazauna birnin, waɗanda wasan ke hannunsu a lokacin. Ba ƙaramar kasada ba ce. Gwamnatin Sarki Abdulhamid na Biyu ba ta son ganin samarin Turkawa suna taruwa, har ma a 1901 ƴan sandanta sun tarwatsa wata ƙungiyarsu tun a wasanta na farko. Ƴan lise ɗin suka yi karo-karo daga aljihunsu, suka ci gaba. A 1909 suka zama ƙungiyar Turkawa ta farko da ta ci gasar Istambul. A shekarar 2000 Galatasaray ta doke Arsenal ta ɗauki kofin UEFA, ta kuma doke Real Madrid 2 da 1 a babban kofin Turai. A 2025 ta ci gasar Turkiyya karo na 25, ta kuma sayi Victor Osimhen na Najeriya a kan yuro miliyan 75.

Bambancin da ke tsakaninta da Pillars ba na kuɗi kaɗai ba ne. Galatasaray ƙungiyar mambobi ce: suna da rajista, suna biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugaba, su ke sauke shi. Daular Usmaniyya ta faɗi, jamhuriya ta zo a 1923, sojoji sun yi juyin mulki ba sau ɗaya ba, ƙungiyar tana nan. Ita kuwa Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce. Gwamnati ke naɗa shugabanninta, daga baitulmali ake biyan ƴan wasa, in mulki ya sauya shugabancin ƙungiya ma yakan sauya. Magoya baya suna da murya a fili, ba su da ƙuri'a a ofis. Wanda kuwa ba a ba shi wurin faɗar ɓacin ransa ba, wani lokaci da dutse yake faɗa. Ba a ce wannan uzuri ne ba. Kuma kada a ɗauka tsarin Turkiyya ba shi da aibu: shugaban da ke neman ƙuri'ar mambobi yakan sayi ƴan wasa masu tsada don ya burge su, shi ya sa manyan ƙungiyoyin Istambul suka daɗe suna ɗauke da bashi mai nauyi.

A nan Nijar abin ya ma fi karkata wajen ma'aikatu. An yi zamanin da garuruwa suka ɗaga kai: Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984. Amma daga 2008 zuwa yau, yawancin kofunan gasar sun tafi ne ga ƙungiyoyin ƴan sanda, da sojoji, da gardi, da duwan, da jandarma, da Sonidep, da Nigelec. Dalilin a fili yake: su ne ke da albashi na kowane wata, da mota, da mai. Sun yi wa ƙwallon ƙasa hidima, ba a musu. Ƙungiyar jandarma ta kai matakin rukuni a kofin ƙalubale na Afirka a 2022. Sai dai da wuya a ga manomi ya bar gonarsa don ya je yi wa duwan tafi.

A ƙasar Arewa

Mutumin Arewa ba ya bukatar a koya masa son gari a fagen wasa. Kokowa ta riga ta yi wannan. Tun da aka soma gasar takobi a Tawa a 1975, ɗan kokowa yana hawa daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, kuma ran da wani kamar Issaka Issaka ya kayar da abokin karawarsa, duk jihar Doso ce ta yi kaye. Amma kokowa ba ta da tsada: fili, da yashi, da makaɗa. Ƙwallo kuwa tana son mutum goma sha takwas a mota ɗaya, da abincinsu, da wurin kwanansu, mako bayan mako. Daga Dogondutsi zuwa Doso wajen kilomita 140 ne, zuwa Yamai kusan 270. Ƙungiyar unguwa ɗaya, mai dogaro da attajiri ɗaya, ba ta iya ɗaukar wannan nauyi fiye da tafiya biyu ko uku.

Tun da aka raba Tibiri daga Dogondutsi a 2011, gundumomi biyu ne a takarda, amma kasuwanninsu da aurensu da makarantunsu a haɗe suke. Samarin da za su cika ƙungiya guda mai ƙarfi suna nan a warwatse tsakanin Dankasari da Dumega, kamar yadda na Kano suke a warwatse tsakanin WRECA da banki kafin 1990. Haɗa su yana bukatar wasu shugabannin ƙananan ƙungiyoyi su haƙura da kujera, abin da ya fi tara kuɗi wuya. Yana kuma bukatar rajistar mambobi da littafin kuɗi wanda kowa zai iya dubawa. Wannan aiki ne da bai fi ƙarfin wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ba, tun da ya iya rubuta suna da lamba, ya iya tarawa da ɗebewa.

Ita kuwa Pillars, a watan Yuli na 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajanta, alhali yana cikin ƴan wasa. Wata uku bayan haka, a Oktoba, Shooting Stars ta farke ƙwallo a mintin ƙarshe a filin Ƙofar Mata, sai wasu magoya baya suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Ahmed Musa ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Hukumar gasa ta zare maki uku, ta ci tara, ta kuma umarci masu gida su koma yin wasanninsu na gida a filin Muhammadu Dikko na Katsina, garin ƙungiyar da aka fasa wa mota a 2022, ƙasa da kilomita ɗari daga Maraɗi.